Na Gaji Sana'ar Alkaki, Jikina Kuma Ya Ƙi Alkama

A gidanmu da ke tsohuwar unguwar Hausawa ta Garwa, alkama ce ta ciyar da mu, ta tufatar da mu, ta kuma biya wa ƙannena kuɗin makaranta. Kakata ta wajen uwa ce ta fara sana'ar kayan gara, mahaifiyata ta karɓa daga hannunta, ni kuma na buɗe ido na tarar da turmi da kasko suna jirana. Idan lokacin bukukuwa ya kama, har daga Pitowa da Gidar ake aiko mana da saƙon alkaki da dubulan da cincin da nakiya, mu kwana muna suya, mu wayi gari muna shirya su a kwalla.

Wanda bai taɓa yin alkaki ba ba zai san yawan cuɗanya da alkamar da ke cikin aikin ba. Sai an surfa ta, an wanke, an shanya, an kai inji an ɓarzo, sannan a murje ta da mai, a kwaɓa da ruwan tsami a rufe ta kwana. Da safe a zuba ruwan kanwa, a kirɓa a turmi har ta yi danƙo, a mulmula a naɗe, a soya, a tsoma a cikin sukarin da aka dafa da tsamiya. A kowane mataki mai aikin tana ɗanɗanawa, domin harshe ne ke gaya mata ko tsamin ya yi, ko kanwar ta zarce. Ranar dubulan da cincin kuwa, garin fulawa yakan tashi ya rufe mana gira da hanci, har a saman ruwan randa sai an gan shi yana yawo.

Tun ina budurwa aka san ni da ciwon ciki. Da zarar na ci abinci sai cikin ya kumbura ya yi tauri, daga nan sai zawo mai maiƙo da wari, wanda yakan ɗauke na 'yan kwanaki ya sake dawowa. Ina ci kamar kowa, amma jikina bai taɓa nuna alamar abin da nake ci ba, har ƙawayen mahaifiyata suna yi mini ba'a cewa mai suyar alkaki ce ta fi kowa rama a unguwa. Jiri yakan ɗebe ni in na miƙe daga bakin murhu, sannan wasu ƙuraje masu ruwa suka fito mini a gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, masu ƙaiƙayin da ke hana barci, kuma duk inda suka fito a dama sai sun fito a hagu.

Bayan aure abin ya ƙaru. Duk awon cikin da na je maganar ɗaya ce, wato jinina ya yi ƙasa. A ba ni ƙwayoyin ƙarin jini in sha bisa ƙa'ida, in koma a auna a ga kamar ban sha ba. Allah ya ba ni 'ya mace a haihuwar fari, bayanta kuma ɓari ya biyo baya, ba sau ɗaya ba. An yi mini maganin taifot har na daina ƙirgawa, an yi na atuni, an yi na tsutsar ciki, an yi na gyambon ciki. A gida kuma kowa da nasa sunan: wannan ta ce shawara ce, waccan ta ce basir ne, wata dattijuwa ta ja mahaifiyata gefe ta ce a bincika, don sana'ar da ke kawo kuɗi ba ta rasa mahassada. Ba na ɗora wa kowa laifi a kan wannan, domin a garin da taifot da zazzaɓin cizon sauro suke kwantar da mutane kullum, likita abin da ya saba gani shi zai fara nema.

Akwai lokaci guda da na samu lafiyar da ta ba kowa mamaki, shi ne jegon 'yata. Saboda mahaifiyata tana fama da aikin bukukuwa a lokacin, sai aka kai ni wankan jego wurin gwaggona a wani ƙauye da ke kan hanyar Lagdo. A can babu mai sayar da burodi, babu taliya. Abincina kunun kanwa ne na gero, da tuwon dawa miyar kuka ko ta yakuwa, da kifin da ake kamowa daga madatsar ruwa. Kafin a yi arba'in zawo ya ɗauke, kumatuna sun ciko, ƙaiƙayi ya lafa. Kowa ya ce albarkar ruwan zafi da ganyen darbejiya ce, aka yi ta yaba hannun gwaggo. Na dawo Garwa na koma bakin kasko, kafin wata ya zagayo na koma gidan jiya.

Wanda ya fara kiran sunan cutar wani likitan ciki ne a Yawunde, wanda ya yi karatunsa a Tunisiya. Maigidana ne ya yanke shawarar tafiyar bayan ɓarin ƙarshe, wanda sai da aka yi mini ƙarin jini, muka hau mota zuwa Ngaundere, muka kwana a jirgin ƙasa. Likitan ya duba ƙurajen, ya tambayi sana'ata, sannan ya sa na maimaita masa labarin jegon yana tambayar abin da na ci ɗaya bayan ɗaya. Da na gama sai ya dubi maigidana ya ce: “Alhaji, ina zargin alkama, amma kada madam ta daina cin ta tukuna.” Ya bayyana cewa gwajin jinin, wanda ake kira tTG-IgA, yana neman wasu sojojin garkuwar jiki ne da ke yawaita saboda cin alkama, idan mutum ya daina ci kafin a ɗebi jinin suna iya raguwa, sakamakon ya fito kamar lafiya lau. Jinina ya nuna su da yawa. Bayan haka aka zura mini siririn bututu mai kyamara ta baki har farkon ƙaramin hanji, aka tsinko ɗan nama aka kai ɗakin bincike, shi ne ya tabbatar da cewa cutar siliyak ce.

A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ba ma nomawa a nan, in ji shi, akwai wani furotin mai suna gulutin, wanda shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo ya miƙe. Wannan na gane shi nan take, domin danƙon nan shi muke nema a turmi. Ga yawancin mutane abinci ne kawai, amma garkuwar jikin mai siliyak takan ɗauke shi abokin gaba, ta kai hari, harin kuma ya faɗa kan bangon ƙaramin hanji. Bangon nan a jikin lafiyayye cike yake da ƙananan tsiro-tsiro kamar gashin sabon tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci su aika cikin jini, a wurina kuwa sun lalace sun kwanta. Shi ya sa abinci yake wucewa bai amfane ni ba, shi ya sa kuma ƙwayoyin ƙarin jinin ba su yi aiki ba, tunda a farkon ƙaramin hanji ake tsotse sinadarin ƙarfe, daidai inda ɓarnar ta fi yawa. Ba a ɗaukar cutar daga wani, shirin kamuwa da ita ake gada a jini, kuma ba ta da allura ba ta da ƙwaya. Maganinta shi ne a bar gulutin gaba ɗaya har ƙarshen rayuwa.

Maigidana ya yi tambayar da kowa ya riƙa yi mini daga baya, wato ashe wannan ba ciwon Turawa ba ne? Likitan ya ce kimanin mutum 1 cikin 100 ne ke da ita a duniya, akasarinsu ba su sani ba, kuma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa gani, a nahiyarmu aka same shi, a tsakanin yaran Sahrawi, wato mutanen Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira na Aljeriya, inda binciken da aka buga a 1999 ya samu fiye da yara 5 cikin 100. Ya ce labarin jegona ya tuna masa da Willem Dicke, likitan yara ɗan ƙasar Holan, wanda ya lura cewa a yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da burodi ya yi wuya, yaran da ke fama da wannan ciwo sun samu sauƙi, da burodi ya dawo kuma suka sake kwanciya. Ra'ayina, wanda ba na likita ba ne, shi ne cutar tana cikinmu tun da can, kwanon abincinmu ne ya sauya. Alkama a wurin kakata ta biki ce, ta sayarwa, ita kanta tuwon dawa take ci. Mu kuwa mun tashi a zamanin da alkamar da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Duwala ta zama karin kumallo da abincin rana.

Barin burodi da taliya bai ba ni wahalar da na zata ba, domin Allah ya yi mu a ƙasar gero da dawa. Babu gulutin a gero, babu a dawa, ko ta damina ko muskuwarin da ake kawowa daga wajen Marwa, babu a masara da shinkafar Yagwa, babu a rogo da doya da dankali, balle wake da gyaɗa da riɗi da nama da kifi da ganye. Na taɓa shiga wani babban kanti a Yawunde na ga biskit da taliya na musamman da aka shigo da su daga Faransa domin irinmu, kuɗin ƙaramin kwali ɗaya ya isa cefanen gida na yini. Na mayar na ajiye, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba.

Wahalar tana wurin alkamar da ido ba ya gani. Ƙa'idar da hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa ita ce ba a kiran abinci maras gulutin sai abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba, wanda a lissafin 'yan kasuwa giram 1 ke nan a buhu mai kilo 50. Injin niƙan unguwarmu kuwa shi ne wanda muka yi shekara da shekaru muna kai masa ɓarzon alkama, kuma duk wanda ya taɓa leƙa bakin inji ya san gari ba ya ƙarewa a lungunansa. Na samu mai injin, dattijo ne da ya san kakata, na yi masa bayani. Ya ce: “'Yata, ki riƙa zuwa da sassafe, in kakkaɓe miki shi, in fara zuba kwano guda ya share hanya.” Hakan ya rage, amma bai raba ni da ciwon ba. Daga ƙarshe na koma wani inji a bayan gari inda manoma kaɗai ke kai masara da dawa, abin da ba shi da yawa kuma, kamar garin kunu da yaji, a sabon turmi nake daka shi. A kasuwa ma geron yakan zo a tsohon buhun fulawa, kuma kwanon da aka auna wa wani alkama shi za a auna maka, saboda haka sai na baza shi a faifai na tsince, na wanke shi sosai kafin ya tafi inji.

A waje kuwa, abincin da asalinsa babu alkama sai ka tarar zamani ya sa masa ita. Ɗanwaken da muka sani na garin wake ne da rogo da kuka da kanwa, amma yau masu sayarwa da yawa da fulawa suke kwaɓa shi saboda ta fi sauƙin aiki. Mai waina takan yayyafa ta a ƙullu don ya haɗe, mai suyar kifi takan barbaɗa ta don kada ya kama kasko. Ƙosai wake ne zalla, amma a bakin titi a mai ɗaya ake soya shi da fanke, kuma ɓarɓashin da ke yawo a cikin man ya isa ya tayar mini da ciki. Lemon malt, wanda mata suke ɗauka maganin ƙarin jini ne har an sha kawo mini shi dubiya, da sha'ir ake yin sa. Dunƙulen ɗanɗano wasu suna da alkama wasu ba su da ita, don haka na koma wa daddawa da busasshen kifi na huta da bincike. Na koyi neman kalmomin Faransanci na blé (alkama) da orge (sha'ir) da seigle (hatsin nan na ƙasashen sanyi) da malt a jikin kowane kwali da gwangwani, kuma ko magani aka rubuta mini sai na tambayi mai kantin ko akwai sitacin alkama a ciki.

Duk wannan aikin ido ne da hannu, ana sabawa. Abin da ban saba da shi da wuri ba shi ne mayar da hannun kyauta. A wurinmu, wanda aka ajiye masa kwano ya ƙi sa hannu ya yi babbar magana ko da bai buɗe baki ba: ko dai yana ƙyanƙyamin masu gidan, ko yana zargin an sa masa wani abu. Ni kuma mu biyu ne a wurin maigida, girki kwana bibbiyu muke yi. Ranar da na dawo daga Yawunde na ce ba zan ƙara cin abin da aka dafa a tukwanen gidan ba, na san yadda maganar za ta isa kunnen unguwa, kuma haka ta isa, cewa uwargida ta daina cin girkin amarya. Abokiyar zamana ba ta ce mini komai ba, amma gaisuwarta ta gajarce, yaranta suka daina shigowa ɗakina.

Maigidan ya so ya tara mu ya yi magana, na roƙe shi ya bar mini. Na kira ta ɗakina bayan la'asar, na shimfiɗa mata takardun asibiti da hoton cikin hanjin, na nuna mata tabon ƙurajen, na gaya mata cewa ko mahaifiyata ce ta tuƙa tuwo da muciyar da ta taɓa fulawa ba zan ci ba. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce: “Yaya, ashe abin da kike fama da shi ke nan? To ki nuna mini yadda zan yi.” Washegari muka je kasuwa tare muka sayo tukunya da muciya da ludayi da rariya, ta ɗaura wa kowanne jan zare don kada yara su haɗa da na gida. Ranar girkinta, idan taliya za ta yi, nawa take fara ɗorawa, ta sauke ta rufe, sannan ta buɗe ledar taliyar. Yau ita ce take tare mini faɗa a gidan biki, tun kafin in buɗe baki za a ji ta tana cewa: “Ku ƙyale Yaya, likita ne ya hana ta.”

Da surukata abin ya fi ɗaukar lokaci, kuma ba zan ce ya ƙare sarai ba. Hajiya tsohuwa ce mai kyauta, finkasonta ya yi suna a dangi, kuma a ganinta ciwon da ba ya kayar da mutum nan take bai kai a ƙi abinci saboda shi ba. Takan turo mini kwano ta ce: “Yi bismilla ki ci, 'yar nan, loma ɗaya ba ta kisa. Mu da muka ci alkama har muka tsufa fa?” Suruka ba a yi mata musu, don haka sai in sunkuyar da kai in ce: “Allah ya ƙara girma, Hajiya, zan tafi da shi gida,” in kawo wa yara. Gaskiya ne loma ɗaya ba ta kisa a ranar, kuma wannan ne ke sa cutar wuyar bayani. Wani mai siliyak ɗin ma ba ya jin komai in ya ci, alhali ɓarnar tana gudana a hanji, tana tara ƙarancin jini da raunin ƙashi da matsalar haihuwa, a wasu ƙalilan har da sankara. Abin da ya ɗan sassauto da Hajiya shi ne maganar wani malamin unguwa, wanda ya ce addini bai yarda mutum ya cutar da kansa don kunyar wani ba. Yanzu in na je gaishe ta takan sa a dama mini fura, ko da yake sai ta yi ƙorafin cewa 'ya'yan zamani sun cika tsirfa.

A watan azumi, kwanukan buɗe-baki da ke yawo tsakanin gidaje nakan karɓa in yi godiya in mayar da abin da na dafa, ni kuma in sha ruwa da dabino da kunun tsamiya da ƙosan gida. In za ni biki ko suna nakan ci in ƙoshi tun daga gida. Cin abinci a kwano ɗaya da mata 'yan'uwana, wanda shi ne daɗin taro, na rage shi ƙwarai, domin hannun da ya gutsuri burodi ya koma cikin miya ya gama da ni. Wannan rashin har yanzu ina jin sa.

Sai maganar sana'a, wadda ta fi komai yi mini ciwo. Likitan ya ce taɓa fulawa da hannu ba ya cutarwa tunda gulutin ba ya ratsa fata, amma garin da ke tashi ya sauka a leɓe da maƙogwaro haɗiye shi ake yi, kuma ya tambaye ni ko zan iya yin alkaki ba tare da na ɗanɗana ba. Babu mai iyawa. Na miƙa wa ƙanwata alkaki da dubulan da cincin, tare da masu sayen da muka gada da tsohon turmin kakata, wanda danƙon alkama ya shige tsagoginsa. Abin da ya rage a hannuna shi ne nakiya, wadda da ma da shinkafa ake yin ta, da sukari ko zuma, da man shanu da citta da kanumfari da masoro. Da can ita ce 'yar rakiya a cikin kayanmu, yanzu na mayar da hankalina duka a kanta, na ƙara da dakuwa da kantun riɗi da alawar madara. Kuɗin bai kai na da ba, domin uwar amarya alkaki take fara tambaya, amma idan an je wurin ƙanwata neman cikakkiyar gara, nakiyar daga wurina take fitowa.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Zawo da kumburi ne suka fara tafiya cikin 'yan makonni, ƙarfi ya biyo baya, ƙurajen kuwa sun daɗe suna leƙowa. Da farko ko madara ba na iya sha, saboda hanjin da ya lalace ba ya narkar da sukarinta sai ya warke, na fara da kindirmo kaɗan-kaɗan har na dawo shan fura da nono. An ɗora ni a kan ƙwayoyin ƙarfe da folik asid da kalsiyam da bitamin D, wannan karon kuma jinin ya hau. Likitan ya ja hankalina cewa tun 2011 doka ta wajabta a ƙara wa fulawar Kamaru sinadarin ƙarfe da zinki da folik asid da bitamin B12, saboda haka wanda ya bar ta sai ya nemi madadinsu a hanta da nama da ƙwai da wake da zogale. Da aka maimaita gwajin jinin daga baya, sojojin nan sun ragu ƙwarai. A cikin wannan tsakanin na samu ciki, ya zauna, na haifi ɗa namiji.

A 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin alkama har burodin sefa 125 ya koma 150, an yi ta maganar burodin rogo da na dankali, mutane suka riƙa zuwa yi mini albishir. Da na bincika sai na tarar akasarinsa gauraye ne da fulawa, domin in babu gulutin burodi ba ya tashi yadda aka saba.

Abin da ke gabana yanzu shi ne yara. A cikin dangi na kusa, wato iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwa na jini, kimanin 1 cikin 10 yakan kasance yana da cutar, saboda haka ake so a gwada su ko da ba su nuna alama ba. An gwada 'yata ba a samu komai ba. Ƙanwata, wadda take yini cikin fulawa, ta ce ita lafiyarta lau, ba za ta je neman abin da zai raba ta da kasko ba, kuma na daina matsa mata. Yaron ne ya fara ba ni tsoro: cikinsa ya fito, ƙafafunsa sun sirance, tsawonsa ya tsaya a bayan na tsaransa, ga yawan zawo da rigima. Zuciyata ta ce in ɗauke masa alkama a ranar, tunda da ma akwai tukunya mai jan zare a gidan. Amma da maigidan ya kira likitan a waya, maganar da ya yi a kaina ita ya maimaita, cewa kada a hana shi har sai an ɗebi jini, in ba haka ba za mu zauna cikin shakka shekara da shekaru. Saboda haka kowace safiya abokiyar zamana ce take yanka masa burodi ta ba shi a ɗakinta, ta wanke masa hannu da baki kafin ya shigo wurina. An ba mu ranar ɗibar jinin bayan babbar salla, kuma mun fara tara kuɗin mota da na jirgi.